Tambaya da Amsa: Keke a Hanyoyin Tudu da Karkarar Bauchi da Gombe

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu biyu suke: ina za a bi da keke idan an bar cikin gari, da yadda ake cin tudu ba tare da an sauka an tura ba. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Idan ina kallon tseren keke na Turai a talabijin, nakan ga suna ratsa wasu gonaki a jikin tuddai, an shuka wani abu layi-layi. Mene ne wannan shukar, me ya sa ta nan suke bi, kuma muna da irin waɗannan hanyoyi? Daga wani ɗalibi a Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Inabi ne, ɗan'uwa. Ana kafa turaku a ɗaura waya, itacen ya bi wayar, shi ya sa kake ganinsa a jere kamar an ja da igiya. Yawancin inabin waɗannan yankuna matse shi ake yi a yi giya. Wannan al'adarsu ce da kasuwarsu, kuma ba ita ta kai masu keke can ba. (Giyar da za ka ji muna ta ambata nan gaba ta keke ce, kada hankalinka ya tashi.) Hanya ce ta kai su. Inabi ba ya son ruwa ya kwanta masa a saiwa, yana kuma son rana sosai, don haka a gangare ake dasa shi. Hanyoyin da ke tsakanin gonakin ƙanana ne, an shimfiɗa musu kwalta, manyan motoci ba su cika binsu ba, ga hawa ga gangara, ga ƙauye a kusa da ƙauye. Mai keke ba ya neman abin da ya wuce haka.

Gasar Tour de France, wadda aka fara a 1903, ana yinta mako uku a zango 21. A 2024 an yi zango na bakwai a tsakiyar gonakin inabin yankin Burgundi na Faransa, kilomita 25, kowa shi kaɗai yana tsere da agogo. A shekarar ce Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku ya kuma tafi da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki. A yankin Alsas na Faransa akwai hanyar gonakin inabi mai tsawon kilomita 170 da aka buɗe a 1953. Amma wadda ta fi kama da namu ita ce gasar Strade Bianche ta Italiya, da aka fara a 2007, ake ƙarewa a birnin Siyena. Wani ɓangare mai yawa na hanyarta farin burji ne mai ƙura, irin wanda mu a nan muke rainawa mu ce ba a gyara ba. Su kuwa saboda burjin suke zuwa.

Tuddai dai ba a fi mu ba. Duwatsun Mbula a Dass, Zaranda a hanyar Jos, Bima kusa da Dadin Kowa, da na ƙasar Tangale da Tula, duk sun isa. Maimakon inabi za ka ratsa dawa, masara, gyaɗa, shinkafa da lambun tumatir. Inda muka bambanta da su wuri uku ne: hanyoyinmu masu kwalta su ne na tirela, zafinmu ya fi nasu, ƙayarmu kuma ba ta da tausayi. A kan waɗannan ukun ake tsara tafiya a nan.

TAMBAYA: Ni ma'aikaci ne a Bauchi, shekarata 38, likita ya ce in rage teɓa. Na sayi keke amma zagayen cikin gari ya ishe ni. Wace hanya zan fara bi?

AMSA: Malam, ka fara da hanyar Dass. Daga Yelwa ka wuce Gwallameji ka nufi Bayara, hawanta a hankali yake zuwa, duwatsu na ƙara matsowa kana ƙara nisa. Kada ka sa Dass a ranka a makon farko. Garin na da nisan kusan kilomita 50 ko ɗan fiye, zuwa da dawowa ya kai 100, wato awa biyar cur a kan sirdi ga mai yin kilomita 20 a awa. Mako biyun farko ka yi 10 zuwa, 10 dawowa, sau uku a mako. Daga nan ka riƙa ƙara kilomita 5 zuwa 10 a tafiyar ƙarshen mako kawai. Cikin wata uku Dass za ta zo hannu. Ƙafa takan saba da wuri, mazaunai da wuya su ne ke daɗewa, su ne kuma ke sa mutane jingine keke.

Ga abin da sababbi ba su lissafawa: iska. Dass tana kudu maso yammacin Bauchi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, za ta tura ka a tafiya har ka ɗauka ka zama gwani, sai ka juyo ka tarar da ita a fuska, ƙarfi ya ƙare, rana ta ɗaga. Da damina abin juyawa yake yi. Don haka da hunturu, idan ka ware awa biyu, ka juya bayan minti 45, ka bar wa dawowa sauran.

Hanyar Jos ta fi kyan gani, ta kuma fi wuya. Bauchi na kan tsayin mita 600 da 'yan kai daga teku, Jos kuma ta kai mita 1,200, ka ga hawa ne ke jiranka ta Buzaye, Zaranda, Nabardo, Panshanu har Tilden Fulani. Ba mu ba sabon shiga shawararta, ba don tudun ba, don manyan motoci. In ka ƙware ka shiga, ka riƙe waɗannan. Ka bi hannun dama tare da motoci, kada ka tare su gaba da gaba. Kada ka manne wa bakin kwalta inda yashi da fasassun kwalabe ke taruwa, ka bar tazarar kamu biyu. Tirela idan ta wuce iskarta takan ture ka waje sannan ta jawo ka ciki, don haka ka riƙe kan keke da hannu biyu, ka daina murza feda har ta wuce. Idan ka hango wata na tahowa ta gaba, ka kuma ji wata a baya, sauka daga kwalta ka tsaya. Idan kuma tayarka ta zame daga bakin kwalta zuwa ƙasa, kada ka yi ƙoƙarin komawa a karkace da gudu, gefen kwaltar zai kama tayar ya kayar da kai cikin titi. Ka rage gudu, ka tsaya, ka ɗora keken.

Fita bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, da riga mai haske, jar fitila a baya da hular kwano. Jallabiya da wando mai faɗin ƙafa abincin sarƙa ne. Kafin ka bi hanyar da ba ka sani ba, tambayi direbobin tasha halin da take ciki a makon, sun fi kowa sanin inda rami ya buɗe da inda ba a tsayawa. Ka kuma faɗa wa mutanen gida inda ka nufa da lokacin dawowarka.

TAMBAYA: Mu matasa shida ne a Gombe, muna fita kowace Asabar. Mun gaji da zagayen gari, muna son hanyar duwatsu. Wasunmu na cewa Tula, wasu Dadin Kowa, wani ma ya ce Yankari.

AMSA: Samari, Dadin Kowa tukuna. Kimanin kilomita 37 ne a hanyar Biu, ta Liji da Kwadon, akwai wurin sayen ruwa da kayan lambu a hanya, ga Dutsen Bima yana kallonku. Sai dai madatsar ruwan garin a kan kogin Gongola take, kogi kuwa a kwari yake. Gombe ta fi ta tudu, saboda haka tafiya za ta yi daɗi, dawowa ce aikin. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen yin tsere a tafiya, shi za ku yi ta jira a inuwa a dawowa. Ku kauce wa ranar kasuwa, lokacin da motocin kaya da babura ke tsayawa inda suka ga dama.

Hanyar kudu, ta Kumo da Billiri zuwa Kaltungo, ta haura kilomita 60, kuma ita ce babbar hanyar Yola, da duk abin da hakan ke nufi na manyan motoci. Tula tana can gaba a saman duwatsu. Zuwa da dawowa daga Gombe a yini ɗaya ya fi ƙarfin yawancin mutane. Abin da ya fi shi ne ku ɗora kekuna a mota zuwa Kaltungo, ku kwance tayoyin gaba, ku sa kwali tsakanin keke da keke, sannan ku fara murzawa daga can da ƙafa sabuwa. Wurin lissafin lokaci kada ku dubi kilomita kawai. Mai matsakaicin ƙarfi yakan hau mita 400 zuwa 500 na tsayi a awa ɗaya, ko da kuwa nisan bai taka kara ya karya ba.

A wannan yankin akwai kububuwa, ba don wasa aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. In za ku yi faci ko hutu, ku tsaya a fili, kada ku zauna a kan tarin duwatsu ko ku shiga ciyawa da silifa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsewa, ba a ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da mutum, a hana ƙafar motsi, a nemi mota zuwa asibiti. Kada a bar shi ya murza keke, motsi na saurin yaɗa dafi.

Hanyar Bajoga da Ashaka ku bar wa motocin siminti. Yankari kuwa a Dindima ake ratsewa daga hanyar Bauchi zuwa Gombe, kilomita 29 zuwa ƙofar Mainamaji. A nan keke ya kamata ya tsaya. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki kilomita 42 ne na dajin giwaye da ɓauna, wannan tafiyar mota ce.

In kuna jere, ku bi layi ɗaya, na gaba ya riƙa nuna rami da hannu, kada tayar gaban wani ta shiga gefen tayar bayan wani. In suka gogu, na baya ne ke faɗuwa.

TAMBAYA: Na sayi keken tsere na gwanjo mai siraran tayoyi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya yana gudu, amma da na fara hawa tudu sai gwiwa ta kama ciwo, dole in sauka. Abokaina sun ce rashin ƙarfi ne. Daga wani mai shago a Wunti.

AMSA: Kafin ka yarda da abokanka, durƙusa ka ƙirga haƙora. Ƙirga na ƙaramin farantin gaba, sannan na faranti mafi girma a firiwil na baya. Yawancin tsofaffin kekunan tsere da ke shigowa gwanjo suna da 53 da 39 a gaba, mafi girma a baya kuma 23 ko 25. An yi su ne don 'yan tsere, ba don mai shago da ke fita ranar Lahadi ba.

Ga lissafin. Zagayen tayar irin wannan keke kusan mita 2.1 ne. Da 39 a gaba da 25 a baya, juyin feda ɗaya na kai ka mita 3.3. Da 34 a gaba da 32 a baya, mita 2.2 ne. A tudun da ya tilasta maka tafiyar kilomita 9 a awa, mai giya ta biyun yana juya feda kusan sau 70 a minti, kai kuwa ba ka kai 50 ba. Aikin ɗaya ne, amma kai kana raba shi gida kaɗan, kowane taku sai ka danna da dukkan nauyinka, gwiwa ce kuma ke biya. A tudu a nemi juyi 70 zuwa 85 a minti. Ƙirga sau nawa gwiwar dama ke tasowa cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu.

Gyara mafi araha shi ne canja firiwil zuwa mai 28 ko 32. Abu uku za ka duba. Yawan farantan sabon ya zo daidai da na tsohon, 8 da 8, 9 da 9, in ba haka ba giya ba za ta zauna ba. Abin canja giya na baya in gajere ne, sau da yawa ba ya ɗaukar fiye da 28, sai an sa mai doguwar ƙafa. Sarƙa kuma sai an sa mai ɗan tsayi, domin in ta gaza kuma ka haɗa babba da babba, za ta iya fizge abin canja giyar ta cusa shi cikin taya. In kuɗi sun samu daga baya, a canja na gaba zuwa 50 da 34.

Duba sirdi ma. Zauna ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, a bayan gwiwa ya yi sama. Ka riƙa gyarawa da rabin santimita, ba da yawa lokaci ɗaya ba. Sannan ka sauya giya tun kana gindin tudu. Wanda ya bari sai feda ta yi nauyi sannan ya canja, shi ke tsinka sarƙa.

TAMBAYA: Ni dattijo ne a ƙasar Dass. Kekena Phoenix ne, shi nake zuwa gona da kasuwa, akwai hawa a hanyar. Ba ni da kuɗin mai giya. Akwai dabara?

AMSA: Ranka ya daɗe, akwai, kuma ba ta da tsada. Irin kekenka yakan zo da haƙora 44 zuwa 48 a gaba, 18 ko 20 a baya. Ka sa mai gyara ya cire firiwil ya sa mai haƙora 22. In na gaba 46 ne kuma na da 18, juyin feda zai sauko daga mita 5.6 zuwa 4.6, wato nauyin taku ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Zai ƙara wa sarƙa gaɓa biyu, ya daidaita tayar baya yadda sarƙar za ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar faɗin yatsa ɗaya. Abin da za ka rasa shi ne gudu a miƙaƙƙiyar hanya, Baba kuma ba tsere ya fito ba.

Buhu a ɗaure shi ƙasa-ƙasa, a matso da shi kusa da sirdi. In ya yi baya da yawa, kan keke zai riƙa ɗagawa a hawa. Birkin sanda a kan wilin ƙarfe kuwa, in ruwa ya jiƙa shi kusan ba ya kamawa a juyin farko. Da damina, da kaya, a gangare mai tsanani, a sauka a ja shi.

TAMBAYA: Kusan duk fita sai na yi faci, wani lokaci sau biyu. Tiyub ne ba su da kyau ko me? Daga wata ɗaliba a Kashere.

AMSA: 'Yar'uwa, hujin da kansa zai gaya miki. Ki fitar da tiyub, ki hura, ki duba inda yake. Huji ɗaya ƙarami a bayan tiyub, ƙaya ce ko waya, galibi tsidau da ke yaɗuwa a bakin hanya ko ƙayar da aka yi shinge da ita. Huji biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, kika faɗa rami, wili ya matse tiyub. Huji ta ciki, ɓangaren da ke kallon wili, robar da ke rufe kawunan wayoyin taya ce ta goce ko ta mutu. Yin faci sau biyu a rana ɗaya kuwa kusan kullum dalilinsa ɗaya ne: an gyara tiyub an bar ƙayar a cikin taya. Ki bi cikin tayar da yatsa a hankali, zagaye guda, kafin ki mayar.

Wurin faci, a goge da sanfefa wuri ya fi facin faɗi, a shafa sholisho kaɗan, a jira minti uku zuwa biyar har ya daina sheƙi, sannan a manna a danne. Gaggawar mannawa a kan ɗanyen sholisho ita ke sa faci ɗagowa in kwalta ta yi zafi. In taya ce ta tsage, a ninka guntun buhun taki a sa ta ciki, zai kai ki gida.

Taya mai faɗin milimita 23 ba ta hanyoyinmu ba ce. A sa 28, ko 32 in akwai wuri, a bar tazarar milimita 4 tsakaninta da jikin keke. Ga mai nauyin kilo 70, taya 28 na son 70 zuwa 80 a geji, taya 32 kuma 55 zuwa 65, ta gaba a rage mata kaɗan. Kada a wuce lambar da aka rubuta a jikin tayar. Injin mai facin mota na cika tayar keke cikin ƙiftawar ido, ki ce ya riƙa sa wa kaɗan-kaɗan yana aunawa. In bawul ɗinki siririn nan ne mai ɗan noti a kai, bakin injinsa ba zai kama ba sai da ɗan mahaɗin tagulla, ki saya ki bar shi a jaka. Jakar ta ƙunshi tiyub biyu, famfo, faci da sholisho, abin ɓanɓare taya biyu, alanki 4, 5 da 6, da sifana 15 in tayarki mai noti ce.

TAMBAYA: Hawa ba ya ba ni tsoro kamar gangara. Ina riƙe birki tun daga sama har ƙasa, hannuna ya sage, wani lokaci har ina jin ƙauri. Daga wani malamin makaranta a Billiri.

AMSA: Malam, ƙaurin nan gargaɗi ne. Robar birki tana gugar wili, gugar na zama zafi, zafin na shiga tiyub. A doguwar gangara da rana hakan na iya ɗaga tsohon faci ko ya fasa tiyub, robar kuma ta yi santsi ta daina kamawa. Maimakon riƙewa, ka matsa da ƙarfi na daƙiƙa biyu ko uku har gudu ya ragu sosai, ka saki iska ta sanyaya, ka sake. In ka taɓa wili ka ji ba ya taɓuwa, tsaya minti biyar.

Birkin gaba shi ke tsayar da keke, na baya taimako yake yi, in ka matse shi shi kaɗai taya ce za ta ja ƙasa. Ka matsa biyun tare, ka ja jiki baya a kan sirdi, hannu a ɗan lanƙwashe. Ka tabbatar wane hannu ne na gaba, domin kekunan da suka fito daga Ingila a dama yake, na yawancin sauran ƙasashen Turai da Amurka a hagu. Wanda ya ari keke bai duba ba, a gangare zai gano.

A gama rage gudu kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba. Fedar waje ta kasance a ƙasa, a danna ta, ido a kan mafita. Bayan ruwan sama yashi na taruwa a kwana da bakin kwalbati, shanu da awaki kuma ba su san da zuwanka ba. Ka tuna gudu in ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. Kafin kowace fita: robar birki in tsagoginta sun shafe a canja, waya in ta fara warwarewa a canja, hannun birki in yana kaiwa ga kan keke a ɗaure.

TAMBAYA: Ruwa nawa zan sha, me zan ci? Nakan ji jiri bayan awa biyu.

AMSA: Ledar fiya wata rabin lita ce. Da sanyi leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, da bazara biyu, ana kurɓa duk minti 15 ba a jira ƙishirwa ba. Hunturu mayaudari ne, gumi na bushewa kafin ka gan shi. In tafiya ta wuce awa biyu, gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi. Ka auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ka ci bashi.

Jirin bayan awa biyu yawanci sukarin jiki ne ya ƙare. Ka ci masa ko kunu da ƙosai awa ɗaya da rabi kafin fita in lokaci ya ba da dama, in kuwa fitar asuba ce, ayaba da shayi sun isa. Daga awa ta farko ka riƙa cin dabino biyar ko shida, ko ayaba biyu, kowace awa. Tsire da soyayyen abu a bari sai an dawo, fura da nono ma a nan ta fi amfani.

A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar 40 a ma'auni, ƙarfe goma ta same ka a gida. In abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, ko yana layi, ko yana jin sanyi cikin rana, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a nemi asibiti. Ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kada a sha su don a jure tafiya, haɗuwarsu da ƙarancin ruwa na cutar da ƙoda. Da azumi kuma a taƙaita zuwa minti 40 ko awa ɗaya a hankali, dab da magariba, kusa da gida.

TAMBAYA: Mai gyara na shafa wa sarƙata baƙin mai, amma bayan kwana biyu sai ta fara ƙara. Daga wani ɗan kasuwa a Alkaleri.

AMSA: Alhaji, baƙin mai da ƙurar hunturu in suka haɗu sanfefa suke zama, su cinye sarƙa da haƙora tare. A wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe, a ɗiga mai mara kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ko man keken ɗinki ne, a juya feda baya sau ashirin, sannan a goge na waje da tsumma har ta daina maiƙo a hannu. A ciki ake son man, ba a waje ba. Da ƙura a maimaita duk mako, kuma kada man ya taɓa wili ko faifan birki.

Don sanin ko ta mutu, ɗora tef ɗin tela a tsakiyar ƙusa ɗaya ka ƙirga gaɓa 24. Sabuwa inci 12 daidai take bayarwa. In ta zarce da milimita ɗaya da rabi, canja sarƙa kawai. In ta zarce da milimita 3, firiwil ma ya tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansa da zarar ka danna a tudu, sai an canja su tare.